Yadda rashin duba baƙin mai ya cinye mini 'yan tsaki da injin mota a rana ɗaya



Yau ba maganar rigakafin Gumboro zan yi ba, ba kuma ta haɗa abinci ba. Maganar baƙin mai ce. Na san wani zai ce to me ya haɗa kiwon kaji da baƙin man mota? Ni ma haka nake gani a da, har ranar da na tsinci kaina a bakin hanyar Kalambaina da ƙarfe biyun rana, ina fifita kwalayen 'yan tsaki da hulata, suna mutuwa ina kallo.

A ƙarshen watan Afrilun 2024 ne. Na yi odar buroila 300, kwali shida, da lissafin su yi sati bakwai su riski kasuwar Babbar Sallah. Kun dai san yawancin 'yan tsakin da muke kiwo a Sakkwato daga Ibadan ake ɗoro su, a hanya suke kwana. Motar da muke jira da asuba ba ta shigo gari ba sai bayan Azahar. To wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san abin da nake nufi, zafi ya wuce digiri 40, iskar ma in ta buso kamar daga bakin tanda. Na karɓi kayana, na jera a bayan tsohuwar motata wagon 'yar Kwatano, na sauke gilasai duka, na nufi gona wajen Wamakko. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Ga inda laifina yake. Kusan sati guda kafin ranar, jar fitilar nan mai hoton butar mai tana ɗan kawowa ta ɗauke, musamman in na sha kwana a shataletale ko na taka birki da ƙarfi. Sai na ce a raina ai matsalar waya ce, tsohuwar mota ba ta rasa irin wannan. Ranar kuwa da ta kawo sai ta tsaya cak, ba ta ɗauke ba. Na duba baya na ga 'yan tsaki sun fara buɗe baki, na ce bari in lallaɓa, saura minti goma in isa. Ban yi minti uku ba na ji ƙara daga cikin inji, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Mota ta rage gudu da kanta, ta mutu.

Babu inuwa a wurin. Kafin in samu mai Keke Napep da zai yarda ya kwashi kwalayen an ci kusan minti 40. Ɗan tsako yana son ɗumi, gaskiya ne, digiri 32 zuwa 35 muke ba shi a satin farko. Amma ɗan tsakon da ya kwana a hanya bai sha ruwa ba, ga shi cikin kwali da 'yan uwansa 50, ga mota a tsaye ba iska, wannan ba ɗumi ba ne, gashi ne. Da na buɗe kwalayen a gona na ƙirga matattu 41. Na ba sauran ruwan gulukos da bitamin, duk da haka cikin kwana uku wasu 30 suka bi su. Waɗanda suka tsira ma ba su tashi daidai ba, wasu har ranar sayarwa suna nan kamar 'yan sati huɗu.

Washegari aka jawo motar zuwa gareji. Bakaniken da nake kai wa aiki dattijo ne, ba ya da yawan magana. Ya zare geji ya duba, ya miƙo mini. A bushe yake ƙamas, ko ɗigo babu.

Ya ce, "Malam, yaushe rabonka da jawo gejin ga?"

Na ce, "Baba, tun juyen da aka yi kafin azumi."

Ya girgiza kai. "To wagga mota ba ta ci amanarka ba, kai kac ci tata. Tun sati guda take hwaɗa maka."

Da aka kwance ƙasan inji, man da aka samu bai cika gwangwanin madara biyu ba, a injin da ke cin kusan lita huɗu. Metal sun narke, karanshaf ya ci, sai da aka kai shi wurin masu inji suka wasa shi. Abin da ya jawo duk wannan kuwa wani ɗan ƙaramin abu ne da suke kira oyil suwic, wanda ke kunna jar fitilar nan, shi ne ya tsage yana fesar da mai a hankali duk lokacin da mota ke tafiya, ga kuma gaskit ɗin murfin saman inji yana naso ta baya. Kuɗin su biyun bai kai na buhun abincin kaji ɗaya ba. Kuɗin gyaran injin kuwa ya cinye ribar wannan zubin har ya taɓa uwar kuɗi.

Kwana huɗu na yi ina zama a garejin nan, kuma abin da na koya shi nake so in ba ku.

Da farko, jar fitilar nan ba ma'aunin yawan mai ba ce. Yawancinmu mun ɗauka in mai ya ragu za ta faɗa mana mu ƙara. A'a. A mafi yawan motocin da muke hawa, ƙarfin turin mai take aunawa. Akwai famfo a cikin inji da ke zuƙo mai daga kaskon ƙasa ya tura shi cikin ƙarafa. Muddin bakin famfon yana cikin mai, fitilar ba za ta kawo ba, ko da rabin man ya tafi. Sai ya ragu sosai har famfo ya fara zuƙar iska. Shi ya sa tawa take kawowa a kwana: ɗan man da ya saura yana karkata gefe guda, bakin famfo ya rasa. Don haka in ta kawo kana cikin tafiya, ka gangara gefe ka kashe mota nan take. Ba "bari in ƙarasa" ba. Da na kashe tawa a lokacin, da lita biyu na mai sun raba ni da wannan masifa.

Duba geji kuwa ba ya cin minti uku. Ka ajiye mota a wurin da ƙasa take daidai, ba gangare ba, don in ta karkata geji ƙarya zai yi maka. Ya fi kyau da safe kafin ka tayar da ita. In kuma ta riga ta yi tafiya, ka kashe ka jira minti biyar zuwa goma mai ya gangaro ƙasa. Ka buɗe bonet, ka nemo gejin, galibi hannunsa rawaya ne ko ruwan lemo. Ka zare, ka goge da tsumma mai tsabta, ka mayar har ƙarshe, sannan ka sake zarewa. Na biyun nan shi ne gaskiya, na farko ba a aiki da shi. A ƙasan gejin akwai alama biyu, wani ɗigo biyu ne, wani layi biyu, wani an rubuta L da F ko MIN da MAX. Mai ya tsaya tsakaninsu, ya fi kusa da ta sama. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamomin nan kusan lita ɗaya ce. Ke nan in ka ga ya sauka kan ta ƙasa, lita guda ta tafi.

In za ka ƙara, ka zuba kaɗan-kaɗan kana dubawa. Akwai masu cewa gara ya yi yawa da ya gaza, su cika shi ya wuce alama. Wannan ma ɓarna ce. In mai ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe ƙarfe, sannan yana matsa wa sil-sil ɗin inji har su fara yoyo.

Kada ka tsaya ga yawa kaɗai. Ka shafa man a yatsa ka murza. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe dauɗa. Amma in ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, ko ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, akwai magana.

To in mai yana raguwa, ina yake zuwa? Dattijon nan ya ce mini baƙin mai ba ya da fiffike. Ko ya zuba waje, ko inji ya ƙona shi, ko ya shiga cikin ruwan lagireto.

Na zubewa shi ya fi yawa, shi ya fi sauƙin gyara, kuma shi ya fi yaudararmu a nan. Dalili, yawancinmu a kan rairayi muke ajiye mota, a ƙofar gida ko a gona. Mai ya ɗiga, ƙasa ta shanye, kaji da awaki su tattake wurin, da safe ba ka ga komai ba. Maganin wannan yana hannunka: kwalin 'yan tsaki da ka gama da shi. Ka warware shi ka shimfiɗa a ƙarƙashin inji da dare, ka danne da dutse, da safe ka jawo. Ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa, baƙin mai ne. Ja-ja, yawanci man giyar otomatik ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda mai tsinkewa, ruwan lagireto ne. Farin ruwa zalla, na esi ne, ba komai. Ka lura da inda ɗigon ya faɗa a kwalin, shi zai nuna wa bakanike inda zai fara nema.

Sai dai wani yoyon ba ya ɗiga sai mota na tafiya, irin nawa ke nan. Shi kuma ƙura ce ke tona masa asiri. Duk inda ka ga ƙura ta manne a jikin inji ta yi baƙi ta yi danƙo kamar kwalta, mai na fita a wurin ko a samansa. Ka sa a wanke injin tsaf, ka yi kwana biyu kana hawa, sannan ka haska da tocila. Ka fara daga sama, don mai ƙasa yake bi, inda ka gan shi ya taru ba lalle nan ne tushen ba. Wuraren da suka fi yi su ne gaskit ɗin murfin sama, gindin filta, notin da ake kwancewa wajen juye, oyil suwic, bakin kaskon ƙasa, da sil ɗin karanshaf na gaba da na baya. Na bayan nan shi ne mai tsada, ba don kayan ba, don sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Kuma duk ranar da aka yi maka juye, kada ka bar wurin sai an tayar da mota ka leƙa ƙasa da idonka. Filtar da ba ta ɗauru ba ko notin da aka mayar ba wasa na iya zubar da man gaba ɗaya kafin ka kai Dange.

Na ƙonewa a salansa ake gane shi. Ka sa wani ya tayar da motar da safe kai kana tsaye a baya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai shi ne alamar. In ya fito da farko sannan ya ɗauke bayan ɗan lokaci, galibi robobin bawul ne suka bushe, mai na tsiyaya ciki da dare. In kuma yana fita duk lokacin da ka taka totur, musamman in ka yi lodin buhunan masara daga Kara, to zargi ya koma kan ringi. Baƙin hayaƙi daban ne, wannan fetur ne ya yi yawa. A kwance fulogi a duba, wanda ya jiƙe da mai ya yi baƙi shi zai nuna silindar da ke da matsala. Amma kada ka yarda a ce maka "sai an yi ringi" daga kallon hayaƙi kawai. Ka ce a auna kwamfireshan tukuna, a kuma duba ɗan bawul ɗin numfashin inji da tiyonsa da ke kan murfin sama. In ya toshe yana sa mota shan mai da yoyo, kuma canza shi ba wani kuɗi ba ne.

Abin da ke kashe ringi a ƙasarmu ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo, sauran shekara kuma hanyoyin gona. Filtar iska in ta yage ko aka cire ta, injin na shaƙar rairayi kai tsaye, yana goge cikinsa kamar samfefa. Ni kaina na shekara ina sa yara su bubbuge tawa su mayar.

Na uku shi ne mai ban tsoro. In ka buɗe murfin da ake zuba mai ka ga abu kamar shayi mai madara, ko geji ya fito da irin wannan launi, ko ka ga mai na yawo a saman ruwan lagireto, to ruwa da mai sun haɗu. Yawanci gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone bayan mota ta yi zafi. Wani lokaci ma sai ka ga geji na ƙaruwa maimakon raguwa, kada ka yi murna. Wannan motar ba ta tafiya ba ce, ta gareji ce. Kuma don Allah kada a buɗe lagireto mota na da zafi.

In kwali bai nuna komai ba, hayaƙi ma ba ka tabbata ba, sai ka yi awo. Ka cika mai daidai alamar sama, ka rubuta lambar kilomita, ka riƙa dubawa a wuri ɗaya duk safiya. Tsohuwar mota ta ɗan sha mai ba abin tashin hankali ba ne. Amma a nawa ganin, in tana shan lita guda cikin kilomita 1,000, wato kusan zuwa Kano da dawowa, ta kai a nemi dalili. Mu da muke rubuta yawan abincin da kaji suka ci kullum, wannan bai kamata ya gagare mu ba.

Game da irin man da za ka saya, ka bi abin da littafin motar ko murfin injin ya ce. Tsofaffin motocinmu yawanci 20W-50 ake zuba musu, sababbi kuma da yawa 5W-30 suke so ko ma wanda ya fi shi tsinkewa. Zuba mai kauri don a ɓoye hayaƙi ba gyara ba ne, jinkirta magana ne. Man awo na cikin gorar ruwa da ake jerawa a bakin titi ni na daina saye, don ba ka san abin da ke ciki ba. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan. Ka sayi rufaffen galan, ka duba hatimin murfinsa, a buɗe a gabanka.

Wanda ba ya da mota kada ya ce wannan ba ruwansa. Injin ban ruwan da kake canza wa tarwaɗa ruwa da shi, da janaretan da ke riƙe maka injin ƙyanƙyasa in an ɗauke wuta, su ma da baƙin mai suke rayuwa, kuma sun fi mota saurin mutuwa. Ƙaramin injin nan mai doki 5.5 ko 6.5, irin wanda masu fadama ke amfani da shi a Kwalkwalawa, mansa duka bai wuce lita 0.6 ba. Bai cika gorar ruwa babba ba. Ba ya da filtar mai, kuma iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba. In kofi ɗaya ya tafi, kusan rabi ya tafi. Shi kam kullum ake duba shi kafin a ja igiya: a ajiye a daidai, a kwance murfin gefe, mai ya kasance ya zo har bakin ramin. Sabon inji ana yi masa juyen farko bayan awa 20 na aiki, daga nan littafinsa yakan ce duk awa 100, amma da zafinmu da ƙurarmu ni a awa 50 nake yi.

Da yawa daga cikinsu suna da na'urar da ke kashe injin in mai ya yi ƙasa. Sai ka ga inji na kamawa yana mutuwa, a kira mai gyara, ya cire 'yar wayar nan, inji ya tashi, kowa ya ji daɗi. Maigadi ne aka kora don ya cika ihu. Sau da yawa ma ba komai ba ne illa an ajiye injin a karkace a bakin kududdufi, mai ya koma gefe. Ka gyara masa zama, ka cika mai, ka bar wayar a inda take. Ka tuna ruwan tankin da ya yi kwana uku a watan Mayu ba a canza ba, yana wari, kifi sun taso sama sun yi cirko-cirko, sannan famfo ya buga. Kafin ka samu aro magana ta ƙare. Ɗan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa mai cikin fetur shi daban ne, ba ya da geji, amma shi ma in ka manta haɗin nan take zai kama.

Tsohon man da aka juye kuma a kula da shi. Kada a zubar kusa da rijiya, ko tankin kifi, ko inda kaji ke tono. Kaɗan daga cikinsa yana rufe saman ruwa mai yawa. Galan ɗin da aka ci mai a ciki kada a yanka shi a yi mazubin ruwan kaji, ko an wanke. Na san wasu na shafa wa kaji baƙin mai a ƙafa don ƙazuwa, ni ban goyi baya ba. Man da ya fito daga inji cike yake da dattin ƙarfe da guba, ga kaza tana tsattsagar jikinta, ga mu za mu ci ta. Man shafawa na basilin ya wadatar, in abin ya yi tsanani a nemi likitan dabbobi.

Yanzu a bayan motata akwai tsumma, da tocila, da lita ɗaya ta mai da ba a buɗe ba. A littafin gona, shafin ƙarshe na mota ne da famfo. Duk Asabar da safe ina zare geji, haka ma duk daren da zan je ɗauko 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi washegari. In motar Ibadan ta makara ta shigo da rana tsaka kuwa, ba na ɗaukarsu nan take. Ina neman inuwa mai iska in baje kwalayen, in buɗe murafen, sai La'asar ta yi sanyi mu kama hanya.

Asabar ɗin da ta wuce na ga mai ya sauka kamar faɗin yatsa daga alamar sama. Na shimfiɗa kwali, da safe na samu ɗigo biyu daidai saitin filta. Na kai wa Baba, ya sa hannu ya ƙara mata rabin juyi, ya ce in tafi ba sai na biya ba.